Ziyarar Kaka a Salaga

 A wannan fitowa muna so mu ba ku labarin wata 'yar tafiya da muka yi zuwa Salaga a ƙarshen watan Oktoba, lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa, kaka ta kawo kai.

Mu biyu ne muka yi tafiyar, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. A Salaga aka yanke mana cibiya, amma a Kumasi muka yi gemu. Babbanmu ya ba sittin baya, ƙaramin kuwa saura masa kaɗan. Wadda muka je gani ita ce Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage a cikin 'yan ɗakinsu. Shekara shida rabonmu da ita ido da ido. A ganinmu dai ba mu yar da ita ba, domin kowane ƙarshen wata muna tura mata kuɗi ta waya, ran Juma'a kuma mu buga mu gaishe ta, ta ce lafiya lau, ta sa mana albarka. Muna nan a kan haka sai wata maƙwabciyarta ta zo biki Aboabo, muka haɗu, bayan an gaisa ta ce, "Yaya jikin Hajiya? Ai mun ga tashin hankali." Muka ce wane jiki? Ashe tun watan Agusta Gwaggo ta zame a makewayi ta faɗi, ta yi mako uku ba ta taka ƙafa ba, kuma ta hana kowa ya gaya mana. Duk waɗannan Juma'o'i da muke jin lafiya lau, a kwance take amsa mu.

Muka yi sammako zuwa tashar motocin Yeji. Muna isa yaron mota ya karɓi jakunkunanmu ya ce, "Baba, ku zo gaba, baya akwai girgiza." Muka waiwaya muna neman Baban da yake nufi, ashe mu ne. A da, da gudu muke kama lori yana tafiya mu ɗare, yau ga shi ana ba mu kujerar gaba don tausayi. Muka shiga ba musu, don kuwa gaskiya yaron ya faɗa, namu bayan ma ba ya son girgizar.

Daga Kumasi zuwa Yeji kimanin mil 140 ne. Mutum zai hau tudun Mampong, ya wuce Ejura da Atebubu da Parang, sa'an nan ya ƙure a bakin ruwa. Wanda ya daɗe a Kumasi yakan manta da yadda shekara ke juyawa, saboda a kurmi damina biyu ce, babba da ƙarama, kuma a Oktoba ƙaramar tana tsaka, ko'ina kore shar. Amma da an bar Mampong sai dogayen itatuwa su fara raguwa, sarari ya buɗe, ciyawa ta fi mutum tsawo ta fara fid da kai. A Ejura buhunan masara ne jibge a bakin titi. A Atebubu kuwa doya ce aka kasa ƙwarya-ƙwarya, watau ɗari-ɗari, ga puna ga larbako, dillalai suna ta ciniki da manyan motocin Ankara. A Parang, inda jama'a ke taruwa kowace shekara don Mauludi, muka sauka muka miƙe ƙafa muka sha fura, kuma tun daga nan duk wanda ka yi wa sallama da Hausa da Hausa zai amsa maka.

Ƙamshin bandar kifi shi ke fara gaya wa baƙo ya iso Yeji. A nan hanya ta ƙare, sai a jira jirgin fito mai ɗaukar motoci da mutane zuwa Makango, ko kuwa a shiga kwale-kwale mai inji in ana sauri. Mu da muka san ba mu iya ruwa ba, muka zaɓi jira. Iyayenmu sun san wurin nan kogi ne kawai. Sai da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya taru ya zama tafkin Bolta, ya ci garuruwa da gonaki, har aka tashi mutum wajen dubu 80 aka sake musu matsuguni. Har gobe ana ganin kututturan itatuwan da ruwan ya shanye suna leƙowa, kuma su ne abin tsoron masu kwale-kwale. A irin wannan lokaci na ƙarshen damina tafkin yake cika maƙil. Da jirgi ya zo muka hau bene don mu sha iska, matakala 'yar kaɗan, amma sai da muka huta a tsakiya, kowa yana yi kamar ruwa ya tsaya kallo.

Daga Makango zuwa Salaga mil 20 ne da 'yan kai. Dawa ta yi kai amma ba ta nuna ba, ana cirar gyaɗa, mata suna tafe da kwanduna. Mun shiga gari ana kiran la'asar.

Yaranmu na yanzu in sun ji Salaga sai su ɗauka wani ƙaramin gari ne a Jihar Sabana, wadda aka yanka daga Jihar Arewa a 2019. Ya kamata su sani cewa wannan ita ce Gwanjar da ake faɗa, inda fatake suke tahowa tun daga Kano da Katsina, su ƙetare Kwara, su bi ta ƙasar Bargu da Yendi, tafiyar watanni, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da fatu, su koma da goron da aka kawo daga kurmin Asante. Ayari ba ya tafiya da damina, sai ruwa ya ɗauke rafuka sun janye. Saboda haka a wancan zamani kaka ita ce lokacin da masu masauki a Salaga suke gyaran ɗakuna da tanadin abinci, suna sauraron zuwan madugai. Kuma kada mu ɓoye, ba goro kaɗai aka sayar a kasuwar nan ba, an sayar da 'yan Adam, ga rijiyoyi nan da wurin da ake kira Wankan Bayi suna ba da shaida. Kasuwar ta fara sanyi bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, Asante suka karkatar da goro zuwa Kintampo. Sai kuma yaƙin basasa na 1892 a kan sarautar Kpembe ya watsa garin, jama'a suka bazu zuwa Kete Karachi da Yeji da sauran wurare. Cikin waɗanda suka bar garin bayan wannan yaƙi har da mashahurin malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete Karachi har ya rasu a 1934. Zango-zango da yawa a ƙasar nan, in aka bi salsala, daga wannan watsewa suka samo mutanensu na farko.

Gidanmu yana cikin tsofaffin gidajen masu masauki. Zaure ne babba, sa'an nan tsakar gida da ɗakuna goma sha biyar a kewaye. Da muna yara babu ɗakin da ba a kwana a ciki, tukunyar tuwo kuwa sai mace biyu suke kama ta su sauke. Yanzu ɗaki huɗu ne a buɗe. Ɗaya na Gwaggo ne da wata tattaɓa-kunnenta 'yar shekara goma sha uku da aka ba ta riƙo, ɗaya na ajiya, biyu kuma 'yan haya ne, wani malamin makaranta da wata Bagwanjiya mai sayar da wasawasa. Sauran goma sha ɗaya duk kwaɗo ne a ƙofa, masu su suna Kumasi da Ankara da Tamale, wasu Libiya, wasu Jamus, wasu Amurka.

Muka yi sallama a zaure. Daga ciki muka ji muryarta tana cewa, "Wa nake ji kamar Babana?" Haka take kiran babbanmu, domin sunan mahaifinta ya ci. Muka shiga muka durƙusa. Ta shafa fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, da hannunta ya kai ga gemun ƙaraminmu sai ta ce, "Auta, wa ya zuba maka gari a haɓa?" Aka yi dariya. Amma mu dariyarmu ba ta kai ciki ba, saboda mun ga yadda ta ƙanƙance, ga sanda a gefen tabarma wadda ba mu san ta da ita ba. Gwaggo ba ta da takardar haihuwa. Abin da take cewa shi ne tana goyon fari aka ba Gana mulkin kai, watau 1957, don haka ko yaya aka lissafa ta haura tamanin da nisa. 'Ya'yanta uku, biyu sun riga ta, ɗayar tana aure a Ankara, ita ma jikin sai a hankali.

Kwana biyar muka yi, kuma ba mu je ko'ina ba sai masallaci da kasuwa da maƙabarta. Saura duk a tsakar gida muka yi su, muna kallon yadda wunin tsohuwa yake tafiya. Tun kafin assalatu za ka ji motsin buta. Yarinyar ta tashi ta hura murhun gawayi ta ɗumama mata ruwan alwala, ta yi shara, ta dama koko, sa'an nan ta sa kayan makaranta ta fita. Daga nan har azahar Gwaggo ita kaɗai ce, sai ko mai wasawasa in ba ta fita da wuri ba. Da hantsi takan shimfiɗa tabarma inda rana ke bugawa don gwiwa ta saki. In rana ta yi zafi ta ja tabarmar zuwa gindin katanga, da la'asar kuma ta koma bakin zaure. Sau uku ke nan take ƙaura a wuni, kuma kowace ƙaura aiki ce, sai ta dafa bango ta yi bisimilla ta huta tukuna. Wannan ita ce matar da ta yi shekara arba'in tana tuyar masa a ƙofar gidan nan, wadda da ribar masar aka saya wa ƙaraminmu allo da rigar makaranta.

Duk da haka gidan bai mutu ba. Kafin azahar wata ta shigo da jariri a duba mata cibiya, wata ta kawo zubin adashi domin har yanzu a hannun Gwaggo mata suka yarda su ajiye, wata kuma ta zo da ƙarar kishiya a yi mata nasiha a sallame ta. Rediyo yana gefe yana ta magana, ba lalle ana saurare ba. Da magariba a tuƙa tuwon zafi da miyar ayoyo, ta ci loma biyar ko shida ta ce ta ƙoshi.

Babban aikin da muka tarar ana yi shi ne shanya. Rabin tsakar gidan buhuna ne a shimfiɗe, ga yankakkiyar kuɓewa, ga barkono, ga gyaɗa, ga ganyen kuka a inuwa don kada ya dushe. Gwaggo ba ta gani sosai, amma hannunta ya san wuƙa, tana hira tana yanka kuɓewa ba ta ko duba. Kowa ya san a wannan lokaci ido ɗaya yana kan shanya ɗaya yana sama, gama ruwan ƙarshe ba ya sallama. Ran kwana na biyu da la'asar gabas ta haɗe, iska ta taso. Gwaggo ta ce, "Babana, Auta, shanya!" Sai ga dattawa biyu da furfura suna guje-guje da buhuna, wannan ya zubar da barkono, wancan ya yi tuntuɓe da turmi. Muka gama muka zube a zaure muna haki, ita kuwa tana dariya har da hawaye. Ruwan ya zuba kamar da bakin ƙwarya, bai fi rabin sa'a ba ya ɗauke. Ta saurara ta ce wannan na ban kwana ne. Har muka bar garin kuwa ba a sake yin wani ba.

Muka tambaye ta, su biyu rak a ɗaki, me za su yi da wannan uwar kuɓewa? Ta ce wanda ya ga 1983 ba ya raina busasshiyar kuɓewa. Masu shekarunmu ba su manta da wannan shekara ba. Ruwa ya ƙi, gobarar daji ta cinye gonaki, ga kuma 'yan ƙasa wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya sun dawo a lokaci guda, cikinsu har da babbanmu da 'yar jakarsa daga Legas. Ta ce a shekarar nan abin da ta shanya da kakar baya shi ya riƙe gidan, ana kaɗa miya tsululu a sha ko babu tuwon kirki. Sa'an nan ta sa yarinyar ta buɗe ɗakin ajiya. Sai ga ƙulli goma sha ɗaya a jere, kowanne da kuɓewa da kuka da daddawa. Na masu ɗakunan nan ne da ke kulle. Kowace kaka sai ta ƙulla wa kowa nasa, in an sami mai tafiya a aika, in ba a samu ba ya kwana nan har wata kakar. Na mutanen Jamus da Amurka, in ji yarinyar, shekara uku ke nan ana sake musu sabo.

A ɗakin ne kuma ta nuna mana wata tsohuwar adaka. A ciki akwai farin yadi da turare da ta tanada don ranar da ba makawa, da kuma kuɗi a ƙunshe cikin ɗankwali. Ta ce miliyan kaza ne. Muka razana, sai muka tuna Gwaggo ba ta bar tsohon lissafi ba. Tun da aka canja kuɗi a 2007 aka mai da sidi dubu 10 ya zama sidi 1, ita har yau sidi 100 miliyan ɗaya take ce masa. Da muka ƙirga sai muka ga fiye da rabin abin da muke turowa ne take ajiyewa, wai don a ta da katangar yamma da damina ta ci. Muka ce ai don ki ci abinci mai kyau muke aikowa. Ta ce, "Cikin nawa guda nawa ne? In katanga ta faɗi awaki za su shigo, ku kuma ku ce gida ya zama kango ku daina zuwa gaba ɗaya."

Da gari ya waye muka je muka duba inda ta faɗi. Makewayin yana can ƙuryar gida, daɓensa ya yi gansakuka saboda damina, santsi kamar an zuba kuɓewa. A bakin ƙofar akwai dakali mai tsawo wanda mu kanmu sai da muka ɗaga ƙafa sosai. Babu fitila, babu abin dafawa. Muka kira magini da mai walda. Buhu biyu na siminti, da ƙarfe guda da aka kafa a bango, da ƙwan lantarki, da 'yar kujerar zama don wanka, shi ke nan. Yini ɗaya da rabi aka gama, kuma kuɗin bai kai abin da muke turawa a wata guda ba. Shekara shida wannan dakali yana nan yana jiran ƙafarta, mu kuwa muna can muna tambaya ta waya ko kuɗi sun shigo. Gani ya kori ji.

Haka kuma muka tarar katin asibitinta ya mutu tun shekara biyu da suka wuce. A nan muna so mu ja hankalin masu karatu. Tsarin inshorar lafiya na ƙasa da aka kafa da dokar 2003 ya ɗauke wa wanda ya kai shekara 70 biyan kuɗin shekara, amma wajibi ne a riƙa sabunta katin, kuma ana iya yin haka ta wayar hannu ba sai an je ofis ba. Tsofaffinmu da yawa ba su san wannan ba, sai ciwo ya kama a je asibiti a ce kati ya mutu. Akwai kuma tallafin LEAP da aka fara a 2008, wanda ya haɗa da tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama marasa galihu, ga wanda ke da maƙwabcin da ba shi da kowa sai ya bincika masa a ofishin jin daɗin jama'a na gundumarsu. Mu dai mun sabunta katin muka kai ta aka auna, aka sami jininta ya hau, ga kuma yana a ido ɗaya wadda likita ya ce ana iya cirewa. Ita da ta riga ta sallama, tana cewa ai tsufa ne.

Ba gidanmu kaɗai ke cikin wannan hali ba. Ƙidayar 2021 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama a Gana sun kusa miliyan 2, alhali a 1960 ba su fi dubu 200 da 'yan kai ba. Mai aikin gwamnati in ya kai 60 ya huta ya karɓi fansho. To mu jama'ar zango fa? Mahauta ne mu da teloli da direbobi da masu gadi da 'yan koli da masu koko da waina. Yawancinmu fanshonmu 'ya'yanmu ne, 'ya'yan kuwa neman abinci ya watsa su.

Hirar dare ita ce ta fi tsaya mana a rai. Bayan lisha sanyi-sanyi ya fara sauka, mukan zauna a ƙofar ɗakinta, ta lulluɓa da mayafi ta kama labari. Ta gaya mana yadda kakan mahaifinmu ya zo da ayari daga ƙasar Kano ya ƙi komawa, da yadda aka gudu da kakarta a goye zuwa Kete Karachi lokacin yaƙin basasa, da waɗanda suka dawo da waɗanda suka zauna can, har ruwan tafki ya rufe tsohon garin da kaburburansu. Ta gaya mana ranar da Baffanmu ya kwashe iyalinsa ya tafi Nijeriya a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, shi da aka haifa a ɗakin da ke kallon namu. Ta lissafa 'ya'yansa bakwai da sunayensu da unguwar da aka ce sun sauka a Zariya. Mu ko ɗaya ba mu sani ba. Sai muka aiki yarinyar ta sayo littafin rubutu, muka kuma kunna waya tana ɗaukar murya. Dare uku muna rubutu, muka tashi da suna sittin da huɗu, da wa ya haifi wa, da inda kowa ya nufa. Da faɗuwar watan Agusta ta zo da ƙarar kwana, da duk wannan ya bi ta.

A daren ƙarshe ta yi shiru can, sa'an nan ta ce, "Kun san abin da ya fi ciwon gwiwa? Duk garin nan babu sauran mai kirana da sunana. Wannan ya ce Hajiya, wannan ya ce Gwaggo, wannan ya ce Kaka. Ƙawata da ta rage, hunturun bara ya tafi da ita." Ba mu sami abin cewa ba. Amma kowannenmu ya yi nasa lissafin a zuci. A duniya yau ita kaɗai ce ke ce wa mai furfura Auta, ita kaɗai ce za ta daka mana tsawa mu tashi da gudu mu kwashe shanya. Ranar da babu ita, mu ne manyan gidan nan, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Mun roƙe ta ta bi mu Kumasi ko da na watannin sanyi ne. Ta ce a kai ta bene ta zauna kamar tantabara, ba ƙasa ba maƙwabta, jikoki suna yi mata yaren Asante? Kuma wa zai buɗe zaure da safe? Muka ga ba ta da niyya, kuma da muka duba da kyau muka ga tana da gaskiya, gama a Salaga ita uwar unguwa ce, a Kumasi kuwa za ta zama majinyaciya a ɗakin baya. Saboda haka muka sake shawara. Muka shiga zauren WhatsApp na dangi, wanda da ma ba a komai a cikinsa sai gaisuwar Juma'a da hotunan biki, muka sa hoton ƙulli goma sha ɗayan nan, muka ce daga Nuwamba zuwa Fabrairu kowane ɗaki zai turo mutum guda ya yi mako biyu a gida, wanda ke ƙasar waje ya biya kuɗin motar wanda zai je a madadinsa. An yi 'yan ƙorafe-ƙorafe, wasu sun yi shiru har yau, amma ɗaki bakwai sun amsa. Mun zaɓi waɗannan watanni ne domin hunturu shi ne abokin gabar tsoho. Shi ke kawo tari da sanyin ƙashi da faso, a lokacin ne ruwan rijiya ke ja da baya ɗiba ta yi wuya, a lokacin ne kuma tsofaffi ke shiga da kaskon wuta ɗaki su rufe ƙofa da taga, abin da kan kashe mutum cikin barci. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ba za ta iya da wannan duka ita kaɗai ba, ga karatu.

A hanyar maƙabarta, da muka je ziyarar iyaye, ƙaraminmu ya yi wata tambaya da har yanzu ba mu gama amsa ta ba. Ya ce Gwaggo tana da tsakar gida da zaure da maƙwabtan shekara sittin, mu in mun kai shekarunta a ina za mu shimfiɗa tabarma? Ɗayanmu har yau haya yake yi. 'Ya'yanmu rabi suna waje, rabi suna neman hanyar fita. Kuma abin da suka ga muna yi wa Gwaggo, watau kuɗi a ƙarshen wata da gaisuwar Juma'a, shi suka koya, shi kuma za su yi mana. A nan muka yanke cewa ɗakin mahaifinmu za a cire masa kwaɗo a gyara rufinsa, kuma zuwa na gaba kowannenmu zai zo da ɗa ko jika guda, ya ga gidan, ya kwashe shanya, ya ji sunayen nan daga bakin mai su.

Ranar da za mu taso da asuba muka ga hazo-hazo ya fara sauka a kan rufin kwano, leɓe ya fara bushewa. Gwaggo ta dogara sandarta ta rako mu har bakin zaure, abin da aka ce ta yi wata biyu ba ta yi da sassafe ba. Ta ba kowa ƙullinsa, ta ƙara mana da na mutanen Kumasi da Ankara mu kai musu, da curin man kaɗe guda biyu. Ta ce, "Ku riƙa shafawa a gwiwa da dare. Na ga yadda kuke tashi daga tabarma." Muka durƙusa ta sa mana albarka, ta ce mu dawo kafin a gama yankan dawa. Muka ce in Allah ya yarda.

To, 'yan'uwa, labarin ke nan. Mun san akwai irin gidanmu a Yendi da Kintampo da Wa da Bawku da Kete Karachi, har ma a tsakiyar Nima da Sabon Zango, inda tsoho ke ɗakin baya 'ya'ya suna unguwa ta gaba. Wanda ke da irin wannan tsoho, muna roƙonsa ya daure ya je da ƙafarsa kafin hunturu ya kankama, gama Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. In ya je kada ya tsaya a zaure ya gaisa ya juya. Ya kwana biyu, ya shiga makewayi ya duba daɓe, ya duba katin asibiti, ya ga abin da ake ci da wanda ke ɗebo ruwa, ya kuma tafi da littafi da alƙalami. Kada ya dogara da lafiya lau ta waya, domin iyayenmu ba su iya kai ƙara wajen 'ya'yansu ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba tsofaffinmu lafiya, ya sa mu ma mu sami masu duba mu. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.